Godiya ga Marigayi Togap

Mahaifiyar Halomoan Manurung ba ta iya doguwar gaisuwa a waya ba. Bai gama tambayarta lafiyar gwiwoyinta ba ta sako maganar da ta kira dominta. Dangi sun tsayar da rana: za a tono ƙasusuwan mahaifinsa daga maƙabartar garin Siantar, a mayar da su ƙauye, cikin sabon ɗakin siminti da zuri'ar Manurung ta gina wa matattunta a kan tudu, daura da tafki.

"Ba a motar haya zai tafi ba," in ji ta. "A becak ɗinsa zai tafi, ni a gefensa. Idan mun isa kuma becak ɗin ba zai dawo ba. Na sa magina sun zuba masa dandamali a saman ɗakin. Can za a kafe shi da siminti, duk wanda ya wuce ya san wane ne kwance a wurin."

"Inang, rabon da a tayar da babur ɗin nan fa..."

"Ba yana hannun yayana, Tulang ɗinka, ba? Shekara da shekaru suna gyara, ko jirgin sama ne ai ya ci a ce sun gama. Amma kada ka yi masa zancen dandamali, na san halinsa, cewa zai yi asarar ƙarfe ce. Ka yi mini alkawari."

Ya yi mata alkawari, domin bai ga abin wahala a ciki ba.

Mahaifinsa, Togap, ya ƙare rayuwarsa yana jigilar mutane a titunan Siantar da ɗaya daga cikin tsofaffin baburan Ingila da Turawa suka bari, mai akwatin fasinja a gefe, irin wanda ake kira becak. Bayan rasuwarsa Tulang Marudut, yayan mahaifiyar Halomoan kuma shugaban ƙungiyar masu farfaɗo da irin waɗannan babura, ya zo ya tura shi zuwa garejin ƙungiya, ya ce za su gyara shi ya koma kamar sabo. Halomoan kuwa aiki ya riƙe shi a birnin Batam mai nisa. Duk lokacin da kewar mahaifinsa ta taso masa, sai ya buɗe shafin ƙungiyar na intanet, ya je kai tsaye wurin da aka ware wa babur ɗin. Hoto ɗaya ne a wurin tun farko: wani tudu lulluɓe da shuɗin tamfol, a ƙasa an rubuta cewa ana kan aiki. Yakan kalle shi ya rufe, hankalinsa kwance. Bai taɓa leƙa sauran shafin ba, domin baburan wasu ba su dame shi ba.

A ranar, lokacin hutun cin abinci, ya ajiye ƙunshin shinkafarsa a gefen kwamfuta, ya ce bari ya duba irin aikin da ƙungiyar take yi kafin ya kira Tulang. Ya shiga sashen da membobi suke zuba labarin gyare-gyarensu. Na farko wani Jonner ne, ya sa hotonsa yana washe baki a kan babur, ya rubuta dogon bayani kan yadda ya sha fama da tanki mai yoyo. Halomoan yana tauna yana karantawa, har idonsa ya sauka a kan tankin. Kore ne, da lotsawa a ɓarin hagu, daidai inda gwiwar mahaifinsa take bugawa. Ya ƙara girman hoton. Ya san lotsawar kamar yadda ya san tabon da ke hannunsa. A ƙarshen bayanin Jonner ya rubuta: "Godiya ga marigayi Togap da ya ara mini tanki."

Cokali ya faɗi daga hannunsa. Ya sake karanta layin, yana neman wata ma'ana dabam, bai samu ba.

Ya gangara ƙasan shafin. Wani dattijo mai suna Kasiman ya yi gajeren rubutu, da alama da ƙyar ya haɗa shi, cewa becak ɗinsa ya daina tari da safe, godiya ga marigayi Togap saboda kafireta. Wani ya gode masa saboda fitila. Wani saboda tayar gaba. Wani saboda salansa, har da ɗan bidiyo don a ji ƙararta, kuma da Halomoan ya danna, sai ga ƙarar da take tashinsa daga barci yana yaro ta cika ofis, har abokan aikinsa suka ɗago kai. Akwatin giya, kan babur, birki, sarƙa. Mutum na ƙarshe ya gode saboda injin ɗungurungum. A ƙarƙashin kowane rubutu membobi sun yi ta sa albarka, wani ma ya ce Togap bai taɓa hana kowa komai ba, da ransa da bayan ransa.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne babu wanda ya ɓoye. Da sata ce da ya san inda zai ajiye ta a zuciyarsa. Waɗannan mutane sun kwashe kayan mamaci, sun tsaya sun ɗauki hoto, sun rubuta sunansa, sun baje a inda duk duniya za ta gani, shekara bayan shekara, shi kuma yana buɗe shafin yana kallon tamfol. Ya zauna har shinkafar ta huce. Daga nan ya tashi ya je ya nemi hutu.

Garejin ƙungiyar yana bayan wani shagon kofi kusa da kasuwa. Ya tarar da su da hantsi zaune a kan benci, becak jere a bakin titi, kowa da ƙaramin kofinsa da soyayyar ayaba. Tulang Marudut ya miƙe da murna, ƙaton mutum mai farin gashin baki, ya rungume shi.

"Bere! Ɗan 'yar'uwata! Kai, Batam ta tsotse ka. Ba sa dafa abinci a can?"

Halomoan ya sunkuya ya gaishe shi yadda ya kamata. Ɗan'uwan uwa ba mutumin da ake ɗaga wa murya ba ne, balle a wannan lokaci, tunda shi ne zai shimfiɗa mayafin gargajiya na ulos ya karɓi ƙasusuwa ranar tono, kuma idan ya ƙi zuwa babu abin da zai yiwu. Don haka ya haɗiye abin da ya kwaso tun daga Batam, ya ce kawai yana so ya ga babur ɗin.

"Yana nan lafiya lau," in ji Tulang, ya shige gaba ba tare da wata damuwa ba.

Tamfol ɗin yana kusurwa, ƙura ta mayar da shi toka-toka. Halomoan ya kama gefe ya ja. Duk da abin da ya gani a shafi, ashe a ransa bai yarda ba. Ƙarfen jikin babur ne kaɗai, wanda suke kira firam, ɗore a kan tubala, babu taya, babu inji, babu ko waya ɗaya. Akwatin fasinja yana jingine da bango, kaza ta yi ƙwai a kan kujerarsa. An cusa tsofaffin kwalaye a ƙarƙashin tamfol ɗin, su ne suka ba shi siffar tudu.

"Kwalayen don kada ruwa ya kwanta ne," in ji Tulang.

Halomoan ya matsa kusa. Ya dafa ƙarfen, ya ji sanyinsa.

"Tulang," ya ce da ƙyar, "ina babana... ina babur ɗin babana?"

"Yana gari yana aiki mana. Ba ka karanta shafinmu?"

Sauran sun biyo su sun tsaya a ƙofa da kofunansu. Jonner, wanda Halomoan ya gane daga hoto, ya leƙo ta kafaɗar wani.

"Kai ne ɗan Togap? Ka ga tankin? Na wanke cikinsa da ruwan kwakwa, yanzu ko shayi ka zuba za ka sha."

"Wa ya ba ka?" Muryar Halomoan ta fito da ƙarfin da bai yi niyya ba.

Suka dubi juna, kuma abin da ya gani a fuskokinsu ya ƙara rikita shi, domin ba kunya ba ce. Mamaki suke yi, irin na mutanen da baƙo ya tambaye su dalilin da ya sa suke cin abinci da hannun dama.

Tulang ya ja kujera ya zaunar da shi. Ya yi masa bayani a hankali, kamar mai magana da marar lafiya. An daɗe da daina ƙera kayan waɗannan babura a ko'ina. Abin da ya rage a garin shi ke nan, yana zagayawa. Dokar ƙungiya ita ce duk babur ɗin da damina ta zo ta wuce yana tsaye, to kayansa na masu tafiya ne, aro, ba kyauta ba. Sharaɗi ɗaya ne: wanda ya ɗauka ya rubuta a shafi, da hoto, da sunan mai kayan, don kowa ya san inda abu yake.

"Kuma kun ce gyara shi za ku yi."

"Za mu gyara. Mun jira ka zo ka ce kana son hawa, ba ka zo ba. Ƙarfen da ba ya motsi tsatsa ke cinye shi, Bere. Da mun bar injin nan a ƙarƙashin tamfol da yanzu ya daskare." Ya zaro wayarsa, ya yi ta shafawa da ƙaton yatsa har ya kai can ƙasa, farkon shafin. "Duba nan."

Mahaifinsa ne, da hularsa a karkace, tsaye kusa da babur, hannunsa a kan koren tankin. A ƙasa an rubuta, da irin gajartar maganarsa: "Tanki ya zauna daidai. Godiya ga marigayi Sihar."

"Shi ya fara rubutu a shafin nan," in ji Tulang. "Tankin da kake yi wa ihu na Sihar ne. Fitilar ta wani Basine ce mai gidan burodi. Tayar gaba kuwa ko ni ban san asalinta ba."

Halomoan ya daɗe yana kallon hoton. Lotsawar tana nan tun a lokacin. Ashe ba gwiwar mahaifinsa ce ta yi ta ba. Ya ji kamar an zare masa wani abu daga ƙuruciyarsa, ƙarami, amma wanda ya daɗe yana jingina da shi bai sani ba.

Sai ya gaya musu abin da mahaifiyarsa take so: a ɗauki ƙasusuwan a becak ɗin zuwa ƙauye. Nan take fuskoki suka sauya. Wani ya ajiye kofinsa. Kasiman, siririn dattijo Bajawe, ɗan wata ƙabila dabam, mai baƙar hula, ya ce cikin sanyin murya, ai wannan ba abin roƙo ba ne, Togap ya fi ƙarfin haka a wurinsu.

"To amma fa ni da tankin nan nake ciyar da bakuna shida," in ji Jonner, "bakwai da na surukata, nata kuma biyu ne. Mu kai shi gida, a dawo, kowa ya kwance nasa. Haka ne ko?"

Duk suka juyo suna kallonsa. Halomoan ya ga dandamalin a zuciyarsa, ya ji muryar mahaifiyarsa. Ya san idan ya faɗi gaskiya babu wanda zai kwance ko noti ɗaya, kuma ba zai ga laifinsu ba. Ya san kuma tsohuwar ba ta taɓa roƙonsa komai ba tun da ya fara aiki. Ya gaya wa kansa cewa zai sami dabara kafin ranar, zai lallashe ta, ko ya nemo wasu kayan, ko wani abu ya faru.

"Haka ne," ya ce.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi masa ranar tamfol nauyi. Ya zaci za su yi ta jan ƙafa, ya ma so su yi, don ya sami abin jin haushinsu. Sai ga su suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai fitila ya kawo ta naɗe a tawul. Mutum biyu suka shigo da injin a baro, suna zagin juna kan wanda ba ya turawa. Kasiman ya zo a ƙasa, da kafireta ƙunshe cikin tsohon zane, ya miƙa da hannu biyu.

"Becak ɗinka fa, Baba?" Halomoan ya tambaya.

"Yana hutawa. Matata ta ce dama ni da shi duk mun gaji." Ya yi murmushi da ragowar haƙoransa. "Kada ka damu, yaro. Kwana biyu ne."

Da ya bi ta gaban kasuwa ya ga layin becak ya yi giɓi. Waɗanda aka kwance wa kaya suna jere a gefe, wani babu taya, wani cikinsa a buɗe, masu su zaune a kai suna shan taba suna kallon mata da kwanduna suna hawa ƙananan baburan zamani. Suka ɗaga masa hannu da fara'a. Ya ɗaga musu, ya sauya hanya daga ranar.

Ya gwada mahaifiyarsa sau ɗaya. Tana tsinke ganyen rogo a tsakar gida, ya ce ko za a yi wa babur ɗin mutum-mutumi na siminti a maimakon na gaske, kamar yadda wasu suke yi. Ta ɗago ta dube shi.

"Ubanka na siminti ne?"

Bai ƙara ba. Bai kuma gaya mata abin da ya tarar a ƙarƙashin tamfol ba, domin da ta sani da ta tafi garejin da sandarta, kuma da komai ya watse.

Ranar ta zo da sassafe mai haske. Aka yi addu'a a bakin kabari, masu tono suka shiga, mata suka fara kuka tun kafin a ga komai. Aka fito da ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, aka wanke su da ruwan lemon tsami, aka shafa musu kurkur. Tulang Marudut, cikin baƙar kwat da ta matse masa kafaɗu, ya shimfiɗa ulos a hannuwansa ya karɓa, hawaye na gangarowa cikin gashin bakinsa. Aka jera su a ƙaramin akwati wanda bai fi tsawon hannu ba. Halomoan ya ɗauka ya kai bakin titi.

Becak ɗin yana can yana ƙyalli. Sun goge shi, sun fenta akwatin fasinja, sun ɗaura masa furanni. Mahaifiyarsa ta tsaya cak da ta gan shi, ta kai hannu ta shafa kujerar, sannan ta shiga ta rungume akwatin a cinyarta. Tulang ya hau ya buga sau ɗaya, ya buga na biyu, injin ya ɗauka da wata irin tsawa da ta tayar da tsuntsaye daga bishiyoyin maƙabarta.

'Yan ƙungiya suka cika wata ƙaramar bas, tunda yawancinsu ba su da abin hawa, Halomoan a tsakiyarsu. Suna bin becak ɗin a baya, ta cikin gonakin roba, hanya tana hawa. Kowa ya leƙa ta taga yana sauraron nasa.

"Ku ji salansata! Ku ji murya, don Allah!"

"Muryar banza, ba don kafiretar Kasiman ba da tari take."

"Marudut, a hankali da giyar nan, ba ta gadonka ba ce!" wani ya ƙwala ta taga, bas ta kwashe da dariya.

Jonner ya miƙo masa dafaffiyar gyaɗa. "Ci mana, ɗan Togap. Tun safe fuskarka kamar kai za a tono."

Ya karɓa ya riƙe a hannu har ta jiƙe da gumi. Da tafkin ya bayyana a ƙasa, shuɗi, shimfiɗe tsakanin duwatsu, sai ya gane cewa dabarar da yake jira ba za ta zo ba.

Ƙauyen ya cika. An kafa rumfuna, masu ganga da sarewa suna bugawa, hayaƙin girki ya rufe bayan gidaje. Aka hau tudu a ƙasa, becak ɗin a gaba yana tafiya a hankali. Aka yi jawabai, dangin miji suka yi, dangin mata suka mayar, aka saka akwatin a gurbinsa cikin ɗakin, aka rufe. Sai a lokacin 'yan ƙungiya suka sami sararin ɗaga kai su kalli ginin.

A samansa akwai shimfiɗaɗɗen dandamali. An jingina katakai masu kauri daga ƙasa zuwa can, an yi gangara. Magina biyu suna tsaye da shebur kusa da kwaɓaɓɓen siminti. A kan dandamalin an bar ramuka uku, biyu a jere, ɗaya a gefe, kuma babu mutum ɗaya a cikinsu da bai san tazarar tayoyin becak ba.

Jonner ne ya fara magana, a hankali, babu wasa a muryarsa. "Marudut. Mene ne wancan?"

Tulang ya kalli ramukan, ya kalli 'yar'uwarsa, sannan ya juyo ya kalli Halomoan, bakinsa a ɗan buɗe. Kasiman ya cire hularsa, ya dubi cikinta, ya mayar. Wannan ya fi yi wa Halomoan ciwo fiye da duk abin da za a iya faɗa.

"To me ake jira?" in ji tsohuwar, tana nuni da sanda. "Samari, ku tura shi sama. Siminti yana bushewa."

Samarin dangi suka matso suka kama. Halomoan ya ji ƙafafunsa sun kai shi gaban katakan kafin ya yanke shawara. Ya tsaya a nan, a gaban dangin ubansa da na uwarsa da baƙi da makaɗa.

"Inang, ba zai hau ba."

Ganga ta tsaya.

"Me ka ce?"

"Ba namu ba ne, Inang. Tankin na wannan ne. Kafireta ta wancan dattijon ce, da ita yake ci. Injin ma yana da mai shi. Sun kwance daga nasu sun kawo don a kawo Baba gida, na ce musu za a mayar. Na san da dandamalin, na ce musu za a mayar."

Ta dube shi kamar ba ta gane yaren ba. Sannan ta juya ga yayanta, kuma Halomoan bai taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar mutuwar.

"Ito, yayana. Na ba ka amanar babur ɗin mijina, ka yanka shi ka raba kamar naman biki?"

"Aro ne, Ito. Shi da kansa..."

"Duk shekarun nan kana zuwa gidana kana cin kifina, ina tambayarka, kana cewa ana kan aiki!"

"Ai yana kan aiki," in ji Jonner can ƙasa-ƙasa. Wani ya taka masa ƙafa.

Tulang ya sunkuyar da kai, ƙaton mutum a gaban 'yar tsohuwa, ya gaya mata dokar, ya gaya mata cewa mijinta yana cikin waɗanda suka kafa ta, kuma rabin abin da take gani shi ma aro ya yi daga matattu. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta taka zuwa becak ɗin, ta ƙwanƙwasa tankin da sanda.

"Wannan na wa?"

"Yana hannuna, Inang," in ji Jonner. "Asali na Sihar ne."

"Sihar mashayi?"

"Shi."

Ta ƙwanƙwasa fitila, aka faɗa mata. Ta ƙwanƙwasa taya, salansa, inji. Kowane bugu wani mutum cikin tsohuwar kwat yakan ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Da ta zo kan kafireta Kasiman ya ɗan rusuna. Ta tsaya ta dube shi sosai, takalmansa da suka sha hanya, wuyan rigarsa da aka juya.

"Tun yaushe ba ka fita aiki ba?"

"Ba komai, Uwa."

"Ban tambaye ka ko da komai ba."

Ta juya ta kalli ɗanta, kallo mai tsawo, Halomoan ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"To mene ne na Togap a nan?" ta tambaya daga ƙarshe. "Nasa na kansa, wanda bai ara ba, ba a ara masa ba."

Tulang ya share fuska. "Firam ɗin. Shi ya tono shi daga juji a wata gonar shayi, tun kafin ya aure ki. Sai akwatin fasinja, da hannunsa ya ƙera."

Tsohuwar ta daɗe tsaye, hannunta a kan sandar. Ɗaya daga cikin maginan ya zuba ɗan ruwa a simintin ya juya a hankali, don kada a ji.

"Ku kwashe tarkacenku," ta ce. "Yanzu, a gabana. Ba zan ɗora wa mijina kayan Sihar a kai ba har abada."

Babu wanda ya motsa, sai da ta buga sandar a ƙasa. Sannan aka fara tuɓe kwat ana ratayewa a reshen bishiya. Direban bas ya kawo akwatin sipanu. Dangi suka ja da baya suka yi da'ira, suna kallo baki buɗe yadda dattawa cikin fararen riguna suka durƙusa a gindin kabari suna kwance babur mai zafi, suna ƙona yatsu, suna faɗa kan wanda ya ɗauki notin wani. Halomoan ya matso zai taimaka. Kasiman ya zare kafiretarsa, ya naɗe ta cikin zanen da ya zo da shi a aljihu, ya wuce ta gabansa bai dube shi ba.

Kafin a sauke tukwane sun gama. Abin da ya rage yana kwance a ciyawa, baƙin ƙarfe mai kusurwoyi, da akwatin katako da furanninsa.

"Kai da Tulang ɗinka," in ji mahaifiyarsa, ba ta kalli ko ɗayansu ba. "Maƙaryata biyu. Ku ɗora shi."

Ba su buƙaci katakan gangara ba. Suka kama, ɗaya a gaba ɗaya a baya, suka ɗaga. Halomoan ya tattaro ƙarfinsa duka yana jiran nauyi, sai abin ya taso sama da sauƙi har ya kusa faɗuwa da baya. Suka miƙa wa magina, suka miƙa akwatin. Maginan suka dubi ramuka ukun, suka dubi ƙarfen da ba shi da taya ko ɗaya, sannan babbansu ya ɗebo siminti da shebur ya fara cike su.